Baƙin mai a gareji: zafin Afrilu ne ke ɓata shi ko sanyin hunturu?

Mai Gareji: Assalamu alaikum. Ga tambaya ga masu sana'a. Tunda farashi ya ƙi zama wuri ɗaya, mutane sun koma sayen baƙin mai kwali guda, wasu ma duro, su ajiye a gareji su riƙa ɗiba duk lokacin juye. Garejin kuwa rufin kwano ne, babu silin. A Afrilu kamar tanderu, a Janairu da asuba ƙarfe ba ya taɓuwa don sanyi. Man da ya ratsa bazara da damina da hunturu a irin wannan wuri, za a iya zuba shi a inji hankali kwance? Wanda aka riga aka buɗe fa, har yaushe?

Injiniyan Mai: Wa alaikumus salam. Galan da ba a fasa hatiminsa ba zai ratsa su duka lafiya. A cikin inji man nan yana aiki ne a zafin digiri 90 zuwa 110, kuma yana wucewa ta gindin fistin inda zafin ya fi haka nesa. Digiri 45 na gareji ba abin da zai dafa shi. Sanyi kuma bai ma taso ba. Mai mai lambar kauri 20W-50, wanda ke cikin mafiya kauri da aka saba, ana gwada shi ne a digiri 15 ƙasa da sifili, 15W-40 a 20 ƙasa da sifili, 5W-30 a 30. Hunturun Kano da Zariya da ƙyar yake sauka ƙasa da 10. Mai zai yi kauri da safe, rana ta ɗaga ya saki, bai rasa komai ba. Kamfanin Mobil ya sa wa nasa man iyakar shekara 5 a rufe, sauran ma kusan nan suke. Wanda aka buɗe, a ƙarar da shi cikin shekara guda.

Mai Shagon Mai: Injiniya, ka sauƙaƙa abin da yawa. In zafi ba ya komai, me ya sa kamfanonin da kansu ke cewa ma'ajiya kada ta wuce wajen digiri 40? Shagon kwantena a tsakar rana a Sakkwato ko Maiduguri cikinsa yana iya kai wa 60.

Injiniyan Mai: Alhaji, ban ce zafi ba ya komai ba. Tsufan mai haɗuwarsa ce da oksijin, kuma ƙa'idar da aka saba ita ce duk ƙarin digiri 10 saurin tsufan yana ninkawa. Man da ke 60 yana tsufa kusan sau huɗu fiye da wanda ke 40. Amma a duba daga ina aka fara ninkawar. A galan rufaffe iskar da ke ciki ba ta fi cikin kofin shayi ba, kuma babu garin ƙarfe ko jan ƙarfe da ke hanzarta tsufan kamar a inji. Abu kaɗan ne ƙwarai ake ninkawa. Don haka shekara 5 ɗin nan ta ma'ajiya mai inuwa ce. A kwantena ko ƙarƙashin kwano tsirara, a riƙe 2 zuwa 3, shi ke nan. Wanda ke juye duk wata uku ko huɗu, kwalinsa zai ƙare tun kafin maganar ta taso.

Baba Bakaniken Gas: Ku bar zancen digiri, ba a nan gizo ke saƙa ba. Abin da ke kashe man ajiya numfashi ne. Duro yana numfashi kamar mutum. Rana ta buge shi, iskar ciki ta kumbura ta fita ta bakin murfi. Dare ya yi, ta tsuke, ta zuƙo ta waje. Abin da ke waje a lokacin shi zai shiga. Da damina danshi, da hunturu ƙura.

Malamin Kwaleji: Baba ya faɗi gaskiya, bari in sa masa lissafi. Duron lita 208 da aka sha rabi yana da iska wajen lita 100 a samansa. In dare ya sauka 15, rana a ƙarƙashin kwano ta kai 40, iskar nan tana kumbura da kusan kashi 9 cikin ɗari. Kenan lita 8 zuwa 9 ke fita su dawo kowace rana. Man kansa ma yana kumbura: cikakken duro yana ƙaruwa da kusan lita 3 in zafi ya hau da digiri 20. Shi ya sa kamfani ba ya cika duro maƙil, kuma wanda ya ɗura jarka har wuya da sanyin safe zai tarar da ita tana tsiyaya da azahar.

Sai dai akwai abin lura da ya shafi yanayinmu. Lokacin da bambancin dare da rana ya fi yawa, wato hunturu, iskar a bushe take ƙayau, ba ta ɗauke da ruwan kirki. Lokacin da iska ta jiƙe, Yuli da Agusta, bambancin dare da rana ƙarami ne. Mun yi sa'a a nan. Lita 8 ta iskar damina ruwan da ke cikinta bai wuce kashi ɗaya cikin biyar na giram ba. Ko an yi wata uku ana zuƙa, duka ya taru, cokali ɗaya ne ko biyu a lita 100.

Baba Bakaniken Gas: To Malam, lita guda ta ruwa da ake tararwa a gindin duro daga ina take zuwa?

Malamin Kwaleji: Daga saman duron, Baba. Kan duro faranti ne mai baki. In yana tsaye a waje, ko kwanon gareji yana yoyo a kansa, ruwa ya taru ya rufe murafan biyu. Rana ta gasa duro, hadari ya taso, ruwan sama mai sanyi ya sauka a kai, iskar ciki ta tsuke lokaci guda. Abin da ke bakin murfi a lokacin ba iska ba ce, ruwa ne, sai ta zuƙe shi ta cikin zaren murfin. Ko duron da ba a taɓa buɗewa ba yana iya sha ta haka in robar murfin ta bushe. Kuma ruwa ya fi mai nauyi, ƙasa yake tafiya ya kwanta, daidai inda bakin famfo yake.

Hajiya Mai Gidan Mai: Maganin wannan tsohon abu ne, mutane ne ba sa bi. Duro kwantar da shi ake yi a kan katako biyu masu kauri, a juya shi har murafan biyu su daidaita, ɗaya dama ɗaya hagu, kamar ƙarfe 3 da ƙarfe 9 a fuskar agogo. A haka mai ya rufe su ta ciki, robar ba ta bushewa, iska ba ta samun hanya. In dole sai a tsaye, a sa katako mai kaurin yatsu uku ko huɗu a ƙarƙashin gefe ɗaya, ya ɗan karkata, a juya murafan yadda ruwan da ya taru a gefen ƙasa ba zai taɓa ko ɗaya ba. Sannan a rufa masa tampol, amma kada a naɗe shi har ƙasa, a bar iska tana ratsawa, in ba haka ba gumi zai yi a ciki ya yi tsatsa. Bututun famfo kuma kada ya dira a gindi, a ɗaga shi santimita 3 zuwa 5. Kafin a kwance murfi a goge kewayensa, ba bayan an kwance ba.

Mai Gareji: Hajiya mun gode. Amma yawancin masu tambayar ba duro gare su ba, galan ne mai lita 4 ko 5.

Injiniyan Mai: Shi ma ƙa'idar ɗaya ce, a ƙaramin sikeli. Ɗauki Camry mai injin 2.5, tana shan lita 4.4 har da filta. An sayi lita 5, saura rabin lita da ɗan wani abu a gindin galan, sama duk iska. Wannan ragowar ita ce ta fi saurin lalacewa, don iskar da ke kanta ta ninka ta sau bakwai. A juye ta a robar mai ta lita 1, irin wadda mai ya fito daga cikinta, a ɗaure murfi tam, a rubuta lambar man da ranar da aka buɗe. In babu ƙaramar roba, a bar ta a galan ɗin, a goge baki, a shimfiɗa leda mai tsabta a kai sannan a murɗa murfin. Takardar hatimin nan mai ƙyalli da ake hudawa da sukuddireba, a cire ta gaba ɗaya. In aka bar ɓarɓashinta yana hana murfi zama, wani lokaci ma ya faɗa ciki.

Mai Shagon Mai: Kada dai a zuba a robar ruwa ko ta lemo. Na ɗaya, ɗigon ruwa ba ya ƙarewa a cikinta. Na biyu, yara. Sabon mai kalar zuma gare shi, man giyar otomatik ja ne kamar zoɓo.

Ɗan Damagaram: A nan wajenmu a bido, wato jarka, ake sakawa, wanda aka wanke da fetur. Akwai laifi?

Injiniyan Mai: Akwai, ɗan'uwa. Fetur ɗin da ya rage yana tsinka mai, kuma yana sa shi saurin kama wuta. In da ruwa da omo aka wanke, ya fi muni. Bidon da ya taɓa ɗaukar man gyaɗa ko manja kuwa a bar shi, man girki yana yin danƙo a inji. Abin da ya ɗauki baƙin mai tun farko shi kaɗai ya dace, kuma irin man ɗaya. Sannan bokiti ko gwangwani mai rufin zinki, irin farin nan mai walƙiya kamar sabon kwanon rufi, ba a ajiye mai a ciki, sinadaran man suna cin zinkin.

Oga Mai Adaidaita: Ni abin da ban yarda da shi ba shi ne tsoron ruwan nan. Inji in ya ɗau zafi ai ruwa tururi yake zama ya fita.

Malamin Kwaleji: Oga, rabin maganarka daidai ne. Ɗan danshin da ya narke a mai, wanda ido ba ya gani, doguwar tafiya ɗaya ta kore shi. Matsalar ruwan da ya yi watanni kwance a ƙarƙashin mai ne. Kusan kashi ɗaya cikin biyar na abin da ke galan ba mai ba ne, sinadaran ƙari ne: mai wanke datti, mai riƙe datti kada ya dunƙule, mai hana ƙarfe cin ƙarfe wanda ake yi da zinki da fosfaras, mai kashe kumfa, mai hana mai tsinkewa da zafi. Ruwa yana fasa wasunsu, ya jawo wasu ƙasa su zama laka. Ruwan zai ƙone a inji, amma sinadarin da ya fasa ba ya dawowa. Sai ka ga mai a geji fes, kauri daidai, amma kamshaf na cinyewa.

Baba Bakaniken Gas: Ga yadda ake gane shi ba sai an je ɗakin gwaji ba. A sami faffaɗan ƙarfe mai tsabta, a ɗora a wuta har in an ɗiga ruwa ya yi tsalle ya ɓace nan take, amma ba ya yi ja ba. A ɗebo mai daga gindin duro da tiyo, ba daga sama ba. A ɗiga ɗigo biyu. In ya bazu shiru, lafiya. In ya yi ƙananan kumfa suka ɓace, akwai ɗan danshi. In ya yi tsat-tsat kamar an jefa ƙosai a mai, ruwa ya yi yawa. In man ya fara hayaƙi, ƙarfen ya yi zafi fiye da kima, a bari ya huce a sake. A fili ake yi, nesa da fetur, kuma ba a kai fuska kusa.

Hajiya Mai Gidan Mai: Na galan ma ido ya isa. A tsiyaya kaɗan a kwalba fara a ɗaga wa haske. Sabon mai lafiyayye ana hango yatsa ta bayansa. In ya yi hazo-hazo ko ya koma kalar shayi da madara, ruwa ne. In akwai gudaji, ko yana zuba yana katsewa kamar koko mai gudaji, ko yana wari mai tsami, a bar shi. Kala kaɗai kuwa ba hujja ba ce, wani man tun daga kamfani ya fi wani duhu.

Mai Shagon Mai: A nan akwai saɓani tsakanin masu sana'a. Wasu na cewa galan da ya daɗe a girgiza kafin a zuba, wasu na cewa kada a tayar da abin da ya kwanta.

Injiniyan Mai: Duka biyun suna da wurinsu. Galan mai hatimi da ya yi wata shida ko fi a kanta, a girgiza shi rabin minti, a ajiye minti biyar kumfa ya kwanta, sannan a zuba. Dalili, sinadarin kashe kumfa ba narkewa yake a mai ba, yawo yake a ciki, in an daɗe yana iya sauka ƙasa. Ba abin da ya shiga daga waje, don haka duk abin da ke gindi na man ne. Wanda aka buɗe kuwa, a fara leƙawa da tocila. In akwai ƙasa ko ɗigon ruwa a gindi, ba a girgizawa, ba a kuma tsiyaye saman a ce an tsira. Ya tashi daga man inji, sai dai shafa wa ƙyaure da sarƙar keke.

Baba Bakaniken Gas: Har yanzu ba ku taɓo babban ɓarawon ba. Mazurari. Mai ya fito daga galan tsaf, a bi da shi ta mazurarin da ya kwana a kan benci wata biyu cikin hazo. Ƙurar hunturun nan da iska ke kwasowa daga Bodele a Chadi ta fi garin tuwo laushi, kuma akwai yashi a cikinta, wanda ya fi ƙarfen inji tauri. Filtar mai ta yau da kullum manyan take kamawa, ƙananan su wuce, su ne kuma daidai girman ratar da ke tsakanin ringi da silinda. Mazurari da gwangwanin awo jiƙe suke da mai kullum, ƙura na manne musu kamar ƙuda a zuma. A goge, a sa a leda, a ɗaure, a rataye baki ƙasa. Na baƙin mai daban, na man giya daban, na man birki daban. Tsumman gogewa kuma ba mai zubar da zare ba.

Oga Mai Adaidaita: Baba, maganar ajiyewa a kan siminti fa? Ana cewa siminti na jawo ruwa cikin galan.

Injiniyan Mai: Robar galan ba ta shan ruwa daga siminti, wannan camfi ne. Amma a ɗaga ɗin dai, don wasu dalilai: kwali yana jiƙewa ya ruɓe galan su zube, gindin duro na ƙarfe yana tsatsa ya huje, ruwan Agusta kuma yana shigowa gareji ta ƙarƙashin ƙofa. Katako mai tsayin taƙi ɗaya ya isa. Kada kuma a wuce gona da iri a kai shi can saman kanta kusa da kwano, nan ne zafi ya fi taruwa. Ƙasa-ƙasa, jikin bangon da rana ba ta duka da yamma, ba na yamma ba. Hasken rana kai tsaye ya fi zafin illa, don yana busar da roba ta yi ƙamas ta tsage, ya kuma goge rubutun jiki har a kasa bambance 5W-30 da 20W-50.

Malamin Kwaleji: Akwai tsufan da ba na lalacewa ba. Matakin API, wato alamar ingancin mai da ake rubutawa a jikin galan, yana canzawa: SL a 2001, SM a 2004, SN a 2010, SP a 2020. Na manyan motocin gas CI-4 a 2002, CK-4 a 2016. Galan SL na iya zama lafiya lau, amma bai dace da sabon inji mai turbo da ke neman SP ba. Wanda ya tara mai ya sauya mota, ya duba littafin sabuwar kafin ya ce ai akwai mai a gida. Ranar yi kuma tana jikin galan, a kafaɗa ko gindi. Wasu kamfanoni a dunƙule suke rubutawa, misali 24135, wato rana ta 135 a 2024, tsakiyar Mayu kenan. Wanda ya fara shiga gareji shi zai fara fita, sabon kwali a bayan tsoho.

Oga Mai Adaidaita: Namu na babur da adaidaita a ware shi daga na mota. Babur irin su Boxer kulocinsa a cikin mai yake wanka, sai mai alamar JASO MA ko MA2, wato man da aka yi don irin wannan kuloci. In aka zuba masa ragowar 5W-30 na mota mai sa santsi, kuloci zai riƙa zamewa. Shi kuwa man 2T na ƙaramin janareta, wanda ake gaurayawa da fetur, a kwalbarsa yana daɗewa, amma in an riga an gauraya da fetur, awo ɗaya cikin hamsin, kada a haɗa fiye da na wata guda. Fetur ɗin ne ke hucewa, musamman da zafi.

Ɗan Damagaram: To a tanadi SAE 50 na bazara, 20W-50 na hunturu, kamar yadda wasu ke yi?

Injiniyan Mai: Babu buƙata, kuma shi ke sa ragowa kala-kala ta taru a gareji. Inji mai tamostat, wato abin da ke daidaita zafin ruwan inji, zafinsa kusan ɗaya ne Janairu da Afrilu. Matsalar ita ce an cire wa da yawa daga motocinmu tamostat da sunan maganin zafi, amma wannan muhawarar wata rana ce. A bi lambar da ke littafin mota shekara duka.

Hajiya Mai Gidan Mai: Tunda ana maganar kanta ɗaya, man birki ba ya bin wannan ƙa'idar ko kaɗan. Man birki mai alamar DOT 3 da mai DOT 4 ruwa suke zuƙa daga iska da kansu. DOT 4 sabo sai digiri 230 yake tafasa, in ya sha ruwa kashi 3 da ɗoriya cikin ɗari ya sauko 155. A gangaren Jos da kaya a mota wannan bambancin shi ne birki ya tafi ƙasa. A sayi ƙaramar kwalba, abin da ya rage bayan 'yan watanni a zubar. Giris kuma da zafi yana tsatso mai a samansa. Kaɗan ba laifi, a juya shi, kuma in an ɗiba a shafe saman ya daidaita, kada a bar rami.

Baba Bakaniken Gas: Wuta fa? Sabon baƙin mai sai ya haura digiri 200 kafin tururinsa ya kama, zafin gareji ba zai tayar da shi ba. Amma in wutar ta tashi daga wani wuri, shi zai ciyar da ita. Kada ya haɗa kusurwa da jarkar fetur, janareta, wurin cajin batir ko inda ake walda. Bokitin yashi biyu a bakin ƙofa da abin kashe gobara mai hoda. Ruwa ba ya kashe wutar mai, ɗaukar ta yake ya kai ta gaba. Wanda aka juye daga inji ya fi sabo haɗari, don akwai fetur a cikinsa. A tara shi a jarka daban mai alama, ba kwata ba, ba kusa da rijiya ba, ba kuma shafa wa awaki don ƙaiƙayi ba.

Mai Shagon Mai: Abu ɗaya ya rage, kuma shi ya fi damun masu sayen kwali. Duk wannan kulawar banza ce in tun farko jabu aka saya. Akwai masu tara galan da aka zubar su ɗura masa man da ba a sa wa sinadari ba, su liƙe da sabon hatimi, hukumar kula da ingancin kaya ta SON ta sha kama irinsu. Wanda ya sayi kwali guda na irin wannan, juye huɗu ya saya wa injinsa. A fara da galan ɗaya, a duba zoben murfi bai rabu ba, lambar jikin galan ta yi daidai da ta kwali, sannan a koma a ɗauki sauran. Galan da ya ƙare kuma a huda gindinsa da wuƙa kafin a jefar.

Mai Gareji: Alhaji, in an huda duka, ina za a sami robar zuba ragowa da Injiniya ya ce?

Mai Shagon Mai: Ka bar ta lita 1 guda biyu da jarka ɗaya ta tsohon mai. Sauran wuƙa.